Karen da Sunansa Ya Yi Masa Nauyi: Tarihin Saint Bernard

A gidan adana tarihin halittu da ke birnin Bern na ƙasar Suwizalan, akwai wani kare da yake tsaye a bayan gilashi, yau fiye da shekara ɗari biyu da mutuwarsa. Sunansa Barry. An haife shi a 1800, ya mutu a 1814, kuma ana jingina masa ceton rayukan mutum fiye da arba'in a kan tsaunukan Alps. Jama'a na tururuwar zuwa kallonsa, sai dai kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa kan da suke gani ya bambanta da wanda Barry ya rayu da shi. A 1923, da fatarsa ta tsufa ta fara kakkaryewa, aka ba wani gwani mai suna Georg Ruprecht aikin sake haɗa ta. A wurin wannan gyara ne aka ƙara wa kan girma, aka ɗaga goshin, domin ya yi kama da karnukan Saint Bernard na wancan lokaci.

Hausawa kan ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma a nan kakan aka gyara don ya gaji jikokinsa. Wannan ɗan aiki da aka yi a gidan tarihi ya tattara labarin irin karen gaba ɗaya. Saint Bernard ya yi suna ne saboda aikin da ya yi a wuri mai tsananin wuya. Sunan ya jawo masa masoya a ƙasashen da ba su san wurin ba, su kuwa suka yi ta sauya masa jiki bisa ga abin da yake burge ido, har ta kai ba ya iya aikin da aka san shi da shi. Kafin a gane yadda haka ta faru, sai an fara sanin wurin da ya haife shi.

Zango a tsakanin duwatsu

Tsaunukan Alps sun raba Italiya da ƙasashen da ke arewa da ita kamar ganuwa. Kafin a haƙa hanyoyin jirgin ƙasa da na mota a ƙarƙashinsu, duk mai son ƙetarewa dole ne ya bi ta ɗaya daga cikin 'yan mashigan da ke tsakanin ƙololuwa da ƙololuwa. Daga cikin mafi daɗewa akwai wadda a yau ake kira Babbar Mashigar Saint Bernard, wadda ta haɗa garin Martigny na Suwizalan da garin Aosta na Italiya, a tsayin mita 2,469 daga matakin teku. Rumawa sun bi ta da rundunoninsu, har suka gina wa gunkinsu Jupiter ɗakin bauta a samanta. Daga baya ta zama wani yanki na hanyar da Kiristoci masu ziyarar ibada suke bi daga Ingila da Faransa zuwa birnin Rum.

Hunturu a can yakan ci kusan wata takwas. Ko a yau, hanyar mota da ta bi ta saman mashigar takan rufe daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Yuni. Dusar ƙanƙara kan taru har zurfinta ya kai mita goma, sanyi kan sauka zuwa digiri 30 ƙasa da sifili, hazo kuma kan rufe gari cikin 'yan mintoci, matafiyi ya rasa gabas balle yamma. Mafi muni ita ce zaftarewar ƙanƙara, wato lokacin da tulin dusar da ta taru a gangaren dutse ya suɓuce ya gangaro gaba ɗaya, ya binne duk abin da ya tarar a hanyarsa.

Wajen shekarar 1050 wani babban limamin cocin Aosta mai suna Bernard ya kafa masauki a saman mashigar, domin matafiya su samu wurin fakewa daga sanyi da kuma 'yan fashin da suke tare hanyar. Masu kula da wurin ruhubanawa ne, wato limaman Kirista da suka keɓe kansu don ibada da hidima, masu bin tafarkin Augustine. Wanda ya san tarihin fatake zai gane wurin nan take, domin zango ne, sai dai zangon da ƙarnuka da dama ba a karɓar kuɗin kwana ko na abinci a cikinsa, ba a kuma tambayar baƙo addininsa ko ƙasarsa. Masu wucewa sun haɗa da 'yan kasuwa da sojoji da 'yan fasa-ƙwauri, da kuma talakawa 'yan ci-rani waɗanda suke ƙetare dutsen neman aiki ba tare da tufafin kirki ba. Da yawa ba su kai ba. Tun 1476 aka gina ɗakin ajiye gawa kusa da masaukin, saboda ƙasar wurin dutse ce da ƙanƙara, ba ta haƙuwa. A nan ake jingine waɗanda aka tsinta a hanya, sanyi da iska su busar da su, ko wataran danginsu za su zo su gane su.

Jagaba mai ƙafa huɗu

Masaukin ya shekara kusan ɗari shida kafin karnuka su shiga tarihinsa. A tsakiyar ƙarni na 17 ne ruhubanawan suka fara ajiye manyan karnuka don gadi. Akwai zanen da ya nuna su tun 1695, akwai kuma rubutaccen bayani a kansu a takardun masaukin na 1707. Kakanninsu na kusa su ne manyan karnukan gona da suka cika ƙauyukan kwarurrukan da ke ƙasan dutsen, waɗanda manoma suke amfani da su wajen tsaron gida da shanu da jan ƙananan amalanke. Ba a kawo su daga nesa ba, ba a kuma zaɓe su don kyau ba.

Sannu a hankali aikinsu ya wuce gadi. Masaukin yana da ma'aikata da ake kira marronnier, waɗanda a lokacin hunturu suke sauka kullum ta ɓangarorin biyu na dutsen don tarbar matafiya da raka su. Wajen tsakiyar ƙarni na 18 ya zama al'ada su fita tare da karnuka. A nan ne amfanin karen ya bayyana. Idan dusa ta shafe hanya, ko hazo ya rufe, karen yakan gane inda turbar take a ƙarƙashin ƙanƙara, ya kuma san hanyar komawa gida. Yakan shige gaba yana keta dusar da faffaɗan ƙirjinsa, ya bar wa mutane sawun da za su bi. A ayarin fatake, wanda yake wannan aiki shi ne jagaba, kuma shi ne babban aikin da karen ya yi a mafi yawan kwanakinsa.

Aiki na biyu shi ne nemo wanda ya ɓata ko wanda ƙanƙara ta binne. Hancin kare yana ɗauke da ƙwayoyin jin ƙamshi ɗaruruwan miliyoyi, alhali na ɗan Adam 'yan miliyoyi ne kawai, don haka yana iya jin warin mutum yana fitowa ta cikin dusa. Sauri a nan shi ne komai. Binciken zamani ya nuna cewa mafi yawan waɗanda aka tono cikin minti goma sha biyar na farko suna rayuwa, amma da an wuce rabin sa'a da kaɗan, mafi yawa sun riga sun shaƙe. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne karnukan masaukin sun taimaka wajen ceton mutum kusan 2,000 a cikin shekara ɗari biyu.

Wannan aiki shi ya sassaƙa halin karen. Gidan da kowane dare yake karɓar baƙin da ba a taɓa gani ba, ba shi da amfani da kare mai cizo. Wanda zai tsaya kusa da mutumin da sanyi ya gigita, mai yiwuwa yana fizge-fizge, dole ya kasance mai haƙuri. Wanda zai shige gaba a cikin hazo kuwa dole ya iya yanke shawara da kansa ba sai an umarce shi ba. Karen da ya kasa waɗannan ba ya daɗewa a wurin, wanda ya iya kuma shi ake bari ya hayayyafa. Haka aikin ya sassaƙa jikinsa: gajeren gashi mai kauri, ƙafafu masu ƙarfi, da nauyin da bai kai ya nutsar da shi a cikin dusa ba. Barry kansa bai wuce kilo 40 zuwa 45 ba.

Napoleon, Barry da masu zane

A watan Mayu na 1800, shekarar da aka haifi Barry, Napoleon Bonaparte ya ƙetare mashigar da sojoji kusan 40,000 don ya afka wa rundunar Austiriya a Italiya. An kwance igogi an zuba su a cikin kututturan itatuwa da aka fafe, sojoji suna ja a kan ƙanƙara, ruhubanawan kuma suka tarbe su da burodi da cuku. Ƙasa da wata guda bayan haka, a ranar 14 ga Yuni, Napoleon ya ci yaƙin Marengo. Sojojin da suka koma gida sun koma da labarin masaukin da karnukansa, kuma ta bakinsu ne sunan karen ya fara bazuwa a Turai.

Barry ya yi aiki a masaukin kusan shekara goma sha biyu. Sunansa ya samo asali ne daga wata kalma ta Jamusancin yankin Bern mai nufin ɗan ƙaramin beyar. A 1812, da ya tsufa, aka sauko da shi zuwa Bern, inda ya ƙarasa shekara biyun da suka rage masa cikin hutu. Bayan mutuwarsa sai labarai suka fara tsiro. Aka ce ya taɓa goyo wani yaro a bayansa har zuwa masauki. Aka ce mutum na arba'in da ɗaya da ya je ceto ne ya ɗauke shi kyarkeci ya kashe shi. Har an rubuta wannan a jikin gunkin tunawa da shi da ke maƙabartar karnuka ta Asnières, kusa da birnin Paris, duk da cewa karen ya mutu ne da tsufa. Don girmama shi, har yau ana tabbatar da cewa akwai kare mai suna Barry a cikin garken, an kuma daɗe ana kiran irin gaba ɗaya da karnukan Barry kafin sunan Saint Bernard ya zauna.

Mashigar ta yi sa'ar masu zane, amma ba ta yi sa'ar gaskiyarsu ba. Jacques-Louis David ya zana Napoleon yana ƙetare ta a kan ingarman doki da ya yi tsaye da ƙafafun baya, alhali a kan alfadari ya hau dutsen, wani ɗan ƙauye yana ja masa. Karen ma haka ta faru da shi. A 1820 wani matashin mai zane ɗan Ingila, Edwin Landseer, wanda bai cika shekara ashirin ba, ya zana karnuka biyu a tsaye kan wani matafiyi da ƙanƙara ta binne, ɗaya daga cikinsu da 'yar ganga rataye a wuya. Daga nan labari ya tafi cewa karnukan suna yawo da barasa don farfaɗo da waɗanda sanyi ya kama. Ruhubanawan sun sha musanta haka. Ilimin likitanci ma ya goyi bayansu, domin barasa tana buɗe hanyoyin jinin da ke kusa da fata, mutum ya ji ɗumi na ɗan lokaci alhali zafin jikinsa fita yake yi, abin da zai iya ƙarasa wanda sanyi ya riga ya galabaitar. Duk da haka gangar ta zauna, har a wuyan Barry na gidan tarihi an rataya ta.

Garin gyaran gira

Sauyin jikin karen ya fara ne da masifa. Shekarar 1816 ita ce Turawa suke kira shekarar da babu bazara, bayan dutse mai aman wuta na Tambora da ke Indunusiya ya fashe a 1815, tokarsa ta rage hasken rana a sassan duniya da dama. Hunturun 1816 zuwa 1818 ya yi tsanani ƙwarai a mashigar, zaftarewar ƙanƙara ta kashe karnuka da yawa a bakin aiki, har irin ya kusa ƙarewa a masaukin. Aka sake cike garken da karnuka daga kwarurrukan da ke kusa.

Daga baya a cikin ƙarnin aka gwada haɗa su da karen Newfoundland mai dogon gashi, bisa tunanin cewa yawan gashi zai ƙara kare su daga sanyi. Garin gyaran gira aka kusa rasa ido. Dusa takan maƙale a dogon gashin ta daskare ta zama curin ƙanƙara, karen ya yi nauyi ya kasa tafiya. Sai ruhubanawan suka riƙe masu gajeren gashi don aiki, masu dogon gashi kuwa suka riƙa bayar da su ga mutanen kwari da baƙi. Ta haka karnukan da dutsen ya ƙi suka zama su ne duniya ta fi sani, saboda su ne suka sauka, su ne kuma suka fi cika ido.

Wannan ya zo daidai da lokacin da Ingila ta shiga yayin gasar nunin karnuka, a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Attajiran Ingila da na Amurka suka riƙa sayen Saint Bernard da tsada, aka gauraya shi da manyan karnukan Ingila, alƙalan gasa kuma suka riƙa fifita wanda ya fi girma da katon kai. Mai kiwo yakan samar da abin da mai saye yake nema, mai saye kuwa girma yake nema. Ba wanda yake tambaya ko karen zai iya yini yana keta dusa.

A Suwizalan an yi ƙoƙarin tsare asalin. Heinrich Schumacher, mutumin Holligen kusa da Bern, shi ne ya fara rubuta salsalar karnukansa a 1867. A watan Fabrairu na 1884 aka buɗe kundin rajistar karnuka na ƙasar, kuma sunan farko da aka shigar na wani Saint Bernard ne mai suna Léon, ashirin da takwas da suka biyo shi ma irinsa ne. A ranar 15 ga Maris na wannan shekara aka kafa ƙungiyar masu kiwon irin a birnin Basel, sannan a ranar 2 ga Yuni, 1887, wani taron ƙasa da ƙasa ya amince da shi a matsayin karen Suwizalan, aka kuma rubuta ma'aunin siffar da ya kamata ya kasance da ita. Tun daga nan ake ɗaukarsa karen ƙasa.

Sai dai rubutaccen ma'auni yana da nasa tarkon. Idan takarda ta ce ana son faffaɗan kai, to wanda kansa ya fi faɗi shi zai ci gasa, shi za a nema don barbara, 'ya'yansa kuma su zama abin aunawa na gaba. Masu bincike biyu na Jami'ar Manchester, Abby Drake da Chris Klingenberg, sun auna ƙoƙon kan Saint Bernard guda 47 da aka tara cikin kimanin shekara 120, suka wallafa sakamakon a 2008. Sun gano cewa a tsawon wannan lokaci kan ya ƙara faɗi, kwanar da ke tsakanin hanci da goshi ta ƙara miƙewa, ƙashin saman ido kuma ya ƙara fitowa. Waɗannan su ne ainihin siffofin da ma'aunin ya yaba. Wato hannun masu kiwo ne ya yi sauyin, bisa ga abin da aka rubuta, ba buƙatar wani aiki ba.

Siffarsa da halinsa a yau

Saint Bernard na yau yana cikin karnuka mafi girma a duniya. Namiji yakan kai tsayin santimita 70 zuwa 90 daga ƙasa zuwa doron kafaɗa, mace kuwa 65 zuwa 80. Nauyin namiji yakan kama daga kilo 64 zuwa 82, wasu ma su zarce, wato kusan ninki biyu na Barry. Launinsa fari ne da faci-facin ja mai duhu, ko kuma ja ya rufe bayan gaba ɗaya kamar mayafi. Ƙirji da ƙafafu da ƙarshen wutsiya farare ne, akwai farin layi da ya taso daga hanci ya ratsa goshi, kewayen idanu kuma baƙi-baƙi ne. Kunnuwansa a kwance suke, leɓɓansa na sama sun zubo, abin da ya sa ba ya rabuwa da dalala. Har yanzu iri biyu ne, mai gajeren gashi da mai dogo.

Halinsa kuwa bai yi nisa da na kakanninsa ba. Kare ne mai natsuwa, mai son zama cikin mutane, marar yawan haushi, kuma an san shi da haƙuri da yara. Yana da lura, girmansa da amon muryarsa sun isa su tsorata baƙo, amma ba shi da zafin karnukan da aka ƙirƙira don kai hari. Yana da ɗan taurin kai, irin na wanda aka saba barinsa ya yi tunani da kansa, don haka yana ɗaukar horo a hankali, ya fi kuma amsa lallashi a kan tsawa. Masu kiwonsa suna nanata cewa dole a fara horar da shi tun yana kwikwiyo, domin ɗabi'ar da take abin dariya a jikin ɗan kare mai kilo goma, kamar tsalle a kan baƙo ko jan igiya, haɗari ce a jikin mai kilo tamanin. Ko da wasa ne, yana iya ka da yaro ko tsoho. Littattafai da finafinai sun nuna shi ta fuska biyu: a labarin Cujo na Stephen King, na 1981, dodo ne da ciwon haukan kare ya kama, a fim ɗin Beethoven na 1992 kuwa, ɗan gida ne mai ɓarna da ban dariya. Na biyun ya fi kusa da gaskiya.

Girman nan yana da farashi, kuma karen ne yake biya. Kwikwiyon Saint Bernard yana girma da saurin da ƙasusuwansa suke wahalar ɗauka, shi ya sa gurɗewar gaɓar ƙugu da ta gwiwar ƙafafun gaba ta yawaita a irin. Zurfin ƙirjinsa yana sa shi cikin haɗarin murɗewar tumbi, wadda take iya kashe kare cikin 'yan sa'o'i idan ba a yi masa tiyata ba. Akwai kansar ƙashi, akwai ciwon zuciya, akwai kuma matsalar fatar ido da take naɗewa ciki ko ta zubo waje, wadda take da alaƙa da siffar kan da sakin fatar fuska. Yawancinsu shekara takwas zuwa goma suke yi a duniya. Barry, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a cikin ƙanƙara, ya shekara goma sha huɗu.

Akwai kuma batun zafi, wanda ya shafi duk mai sha'awar ajiye irin waɗannan karnuka a ƙasashen Sahel. Kare ba ya gumi ta fata kamar mutum, ta hanyar haki yake fitar da mafi yawan zafin jikinsa. Babban jiki kuma yana riƙe zafi fiye da ƙarami, ga gashi mai ninki biyu a kai. Abin da yake rahama a saman Alps azaba ne a garin da zafin Afrilu yake haura digiri 40, kamar Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai. Wanda ya sayi Saint Bernard a irin wannan wuri don gadi ya yi asara biyu, domin karen ba mafaɗaci ba ne, kuma rabin shekara zai yi yana neman inuwa da numfashi.

Bayan aiki ya ƙare

Ko da jikin karen bai sauya ba, zamani ya riga ya zo karɓar aikinsa. Hanyoyin jirgin ƙasa da aka haƙa a ƙarƙashin Alps, irin su Gotthard a 1882 da Simplon a 1906, sun ɗauke mafi yawan matafiya. Wayar tarho ta sa masaukin yana iya sanin wanda ya taso daga ƙasa kafin ya iso. A 1964 aka buɗe hanyar mota mai tsawon kusan kilomita shida a ƙarƙashin mashigar kanta, ta yadda tafiyar da take cin rayuka ta koma ta 'yan mintoci. Masu aikin ceto na yau suna zuwa ne da jirgi mai saukar ungulu da na'urorin gano wanda aka binne. Har yanzu suna amfani da karnuka, domin ba a samu abin da ya maye gurbin hancinsu ba, amma marasa nauyi suke ɗauka, irin su karen makiyayan Jamus da Labrador, waɗanda suke shiga jirgi cikin sauƙi, suke kuma gudu a kan dusa ba tare da nutsewa ba. Nauyinsu ya fi kusa da na Barry a kan na jikokinsa.

A 2004 ruhubanawan suka sanar cewa ba za su iya ci gaba da ɗawainiyar garken ba, saboda yawansu ya ragu, kula da manyan karnuka kuma yana cin lokaci da kuɗi. A farkon 2005 wata gidauniya da aka raɗa wa sunan Barry ta karɓi kiwon, ta zaunar da shi a Martigny, inda aka buɗe gidan tarihin karen a shekarar da ta biyo baya. Gidauniyar ta samar wa karnukan sabon aiki: ana kai su gidajen tsofaffi da makarantu da cibiyoyin masu buƙata ta musamman, su zauna kusa da wanda kaɗaici ko ciwo ya dama, ya shafa su, ya yi musu magana. Wannan aiki ba ya buƙatar gudu ko juriyar sanyi. Abin da yake buƙata shi ne natsuwa a gaban baƙo, wadda karen ya koya a gidan da ƙofarsa ba ta rufuwa. Hali zanen dutse, in ji Hausawa, kuma shi ne abin da gasar nuni ba ta goge ba.

Masaukin yana nan har yau, ruhubanawa kaɗan suna zaune a cikinsa duk shekara, suna karɓar masu ziyara da masu wasan zamiya a kan ƙanƙara. Da bazara akan hau da wasu daga cikin karnukan zuwa saman mashigar, 'yan yawon buɗe ido su yi tattaki da su, su ɗauki hoto, su sayi 'yar tsanar kare mai ganga a wuya a shagunan bakin hanya. Idan Oktoba ta gabato, dusa ta fara sauka, lokacin da a zamanin Barry aiki yake farawa ke nan, sai a loda karnukan a mota a gangara da su Martigny.